Haɗin Likita Ba Haɗin Gambiza Ba Ne

FILIN LAFIYAR IYALI

Kwanakin baya muka raka wani kawunmu asibiti domin awon jini. Dattijo ne manomi, ya ba shekara sittin baya, shekara uku ke nan yana shan ƙwaya ɗaya ta hawan jini kowace safiya. Da aka auna shi sai aka sami 172 bisa 100. Likita ya rubuta masa ƙwaya ta biyu, ya ce ya riƙa haɗawa da ta farin, ya komo bayan wata guda. Kawu bai ce uffan ba sai da muka fito ƙofar asibiti. Nan ya tsaya, ya dube mu, ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko, gaya mini gaskiya. Ciwon nan ya fi ƙarfin magani ke nan, ko kuwa yaron likitan nan lalube yake yi?"

Muka ce, "Kawu, ko ɗaya babu." Ya yi shiru, muka ɗauka ya yarda. Bayan mako biyu muka leƙa gaishe shi, sai muka iske yau yakan sha fara, gobe ya sha ja, wai don kada su yi faɗa a cikinsa. A gefen tabarmarsa kuwa ga wata 'yar leda mai ƙwaya biyar, kowace da launinta, wadda yaro ya sayo masa a kemis saboda ciwon baya. Wannan kam yakan watsa su duka a baki ya kora da ruwa, ba tambaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata ke nan, gama mun san ba gidan kawunmu kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu muna tsoron haɗin da likita ya yi da sani, amma muna haɗiye haɗin da ba wanda ya auna.

Lambobin nan biyu

Zuciya famfo ce. Duk bugun da ta yi takan tura jini cikin jijiyoyi zuwa ko'ina a jiki. Ƙarfin da jinin yake matsa bangon jijiya da shi, shi ake aunawa sa'ad da aka ɗaura mana ƙyallen nan a dantse aka hura masa iska. Lambar sama ita ce matsin a lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuwa a lokacin da ta saki tana jiran bugu na gaba. Awon babban mutum mai lafiya yakan tsaya wajen 120 bisa 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam, aka iske lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to, yana da hawan jini.

A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta ce masu wannan ciwo a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019. Kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma cikin kowane mutum biyar masu ciwon, huɗu ba su samun maganin da ya isa ya sauko da shi. Muguntar ciwon ita ce yawanci ba ya zafi. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido suna ta lalacewa a hankali, zuciya kuma tana gajiya. Ranar da zai nuna kansa, sai a ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Me ya sa ƙwaya ɗaya ba ta isa ba?

Bari mu ɗauki misalin mai lambu da injin ban ruwa. Abu uku ne ke sa tiyo ya ɗaure har ya nemi fashewa: ko ruwa ya yi yawa a ciki, ko tiyon ya matse, ko injin yana turawa da ƙarfi fiye da kima. Haka jiki yake. Gishiri da ruwa suna iya yin yawa cikin jini, jijiyoyi suna iya tsukewa, zuciya kuma tana iya bugawa da ƙarfi da sauri. A jikin yawancin masu hawan jini ba abu ɗaya ne ya lalace ba, biyu ne ko uku. Kowace ƙwaya kuwa wuri ɗaya take kamawa.

Akwai kuma wani dalili. Jikin da ya daɗe da hawan jini ya riga ya saba da shi, ya ɗauka haka ne daidai. In magani ya rage ruwa, sai ƙoda ta ji, ta aika da wani sinadari cikin jini wanda zai tsuke jijiyoyi, awo ya sake hawa. Kamar mai gona ne da awaki. Ya toshe kafa ɗaya a shinge, suka zaga suka shigo ta wata. Ƙwaya ta biyu ita ce mai tsaron kafa ta biyun.

Wani zai ce, to, me zai hana a ninka ƙwayar farin? Masana sun auna wannan. A 2009 waɗansu likitoci a Landan suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 42 da aka yi da mutum wajen 11,000. Suka iske saukin da ake ƙara samu in an haɗa magani biyu masu aiki dabam-dabam ya ninka wanda ake samu in an ninka magani ɗaya kusan sau biyar. Ga shi kuma yawancin wahalar da magani ke jawowa, irin su jiri da kumburin ƙafa, tana ƙaruwa ne in an ƙara yawansa. Watau kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya fi aiki, ya kuma fi sauƙi ga jiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ƙarin ƙwaya ba alamar mutuwa ba ce, ba kuma alamar likita bai san aikinsa ba ce. Yawancin masu hawan jini a duniya sai da magani biyu ko fiye awonsu yake daidaita.

Ba yau aka fara ba

A watan Afrilu na 1945 shugaban ƙasar Amurka, Franklin Roosevelt, ya rasu saboda fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. An rubuta cewa awonsa a ranar ya kai 300 bisa 190. Duk da girman mulkinsa, likitocinsa ba su da ƙwayar kirki da za su ba shi, gama ba a yi ta ba tukuna. Sai wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fito da maganin rage gishiri da ruwa wanda mutum zai iya sha kullum a gidansa.

A 1967 wani likita mai suna Edward Freis da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Maza 143 ne, dukansu lambarsu ta ƙasa tana tsakanin 115 da 129. Aka ba 73 magani iri uku a haɗe, aka ba 70 ƙwayar da ba magani a cikinta. Cikin waɗanda ba su sami magani ba, 27 suka gamu da babbar matsala, huɗu daga ciki suka mutu. Cikin masu shan haɗin kuwa, mutum 2 kaɗai suka sami matsala. Wannan gwaji yana cikin na farko da suka tabbatar wa duniya cewa sauko da hawan jini yana ceton rai, kuma da haɗi aka yi shi.

Gidajen magani

Magungunan da aka fi farawa da su gida uku ne. Za mu rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya ɗauko nasa ya duba. Sunan da kamfani ya sa yakan fito da manyan baƙaƙe, ainihin sunan maganin kuwa yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Shi za mu duba.

Gida na fari shi ne masu rage gishiri da ruwa, waɗanda jama'a ke kira maganin fitsari: hydrochlorothiazide, indapamide, chlorthalidone. Suna sa ƙoda ta zubar da gishirin da ya yi yawa. Da safe aka fi shan su, don kada su hana barci. Aibinsu shi ne sukan tafi da wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ke bukata, har mutum ya riƙa jin kasala ko ɗaurewar tsoka. Sukan kuma tayar wa waɗansu da ciwon gaɓa irin mai kama babban yatsan ƙafa.

Gida na biyu shi ne masu sakin jijiya, waɗanda sunansu ke ƙarewa da "dipine", kamar amlodipine da nifedipine. Suna sa bangon jijiya ya saki, hanya ta buɗe. Waɗansu masu sha sukan sami kumburin idon sawu da yamma, ko ciwon kai a makonnin farko.

Gida na uku shi ne masu tare saƙon ƙoda, watau sinadarin nan mai tsuke jijiya da muka ambata. Gidan nan ɗaki biyu gare shi. Na ɗaki ɗaya sunansu na ƙarewa da "pril": lisinopril, enalapril, ramipril, perindopril. Babbansu captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Barazil aka samo hanyar yin sa. Na ɗaya ɗakin kuwa sunansu na ƙarewa da "sartan": losartan, valsartan, telmisartan. 'Yan gidan nan suna da amfani na musamman ga ƙodar masu ciwon sukari. 'Yan "pril" sukan sa waɗansu busasshen tari mai naci, wanda ba maganin tari da zai raba su da shi sai an sauya ƙwayar. Nadiri kuma sukan kumbura leɓe ko harshe ko maƙogwaro, abin da ya fi aukuwa ga baƙar fata. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Yanzu sai mu ga hikimar haɗin. Ɗan gida na fari yana zubar da fotasiyam, ɗan gida na uku yana riƙe shi, sai su daidaita juna. Ɗan gida na fari yana tayar da saƙon ƙoda, ɗan gida na uku yana tare shi. Amlodipine yana kumbura ƙafa, amma in an haɗa shi da ɗan gida na uku kumburin yakan ragu. Ashe ba faɗa suke yi a ciki ba, kamar yadda kawu ya zata. Taimakon juna suke yi.

Akwai sauran gidaje. Masu rage gudun zuciya, irin su atenolol da bisoprolol, an fi ba wanda yake da ciwon zuciya tare da hawan jinin. In kuma an haɗa uku ɗin nan na farko awo bai sauko ba, wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda aka bayyana a 2015, ya nuna spironolactone ne ya fi dacewa ya zama na huɗu. Amma shi sai da gwajin jini a kai a kai.

Wane haɗi ya fi karɓar jikinmu?

Shekaru da yawa yawancin gwaje-gwajen magani a ƙasashen Turawa ake yin su, alhali an lura cewa hawan jinin baƙar fata ya fi alaƙa da gishiri, kuma 'yan gida na uku su kaɗai ba su cika sauko mana da awo sosai ba. Sai Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci wani gwaji a ƙasashe shida: Nijeriya, Kamaru, Kenya, Uganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. Aka ɗauki mutum 728, aka raba su kashi uku. Kashi ɗaya amlodipine da hydrochlorothiazide, na biyu amlodipine da perindopril, na uku perindopril da hydrochlorothiazide. Bayan wata shida aka iske haɗi biyun nan masu amlodipine sun fi ɗayan sauko da lambar sama da wajen 3. An buga sakamakon a 2019. Wani zai ga 3 ba wani abu ba ne, amma in an tara shi shekara da shekaru, a jikin dubban mutane, shanyewar jiki da yawa ya hana.

A wannan shekara ta 2019 ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayoyi masu magani biyu a cikin guda ɗaya cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kamar telmisartan da amlodipine a ƙwaya ɗaya. A 2021 ta ba da shawara cewa a iya farawa da haɗi tun ranar farko, kuma gara a ƙwaya ɗaya, gama wanda aka ba ƙwaya ɗaya ya fi wanda aka ba biyu riƙon sha. A 2024 aka bayyana wani gwajin da aka yi a Nijeriya da mutum 300, inda aka haɗa magani uku kaɗan-kaɗan a ƙwaya guda. Bayan wata shida, 82 cikin 100 na masu shan ta awonsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, a kan 72 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba.

Amma fa kada wani ya yanke wannan shafi ya nufi kemis ya ce a ba shi abin da Farfesa ya gwada. Likita yakan duba shekarun mutum, da lafiyar ƙodarsa, da ko yana da ciwon sukari ko na zuciya, da ko mace tana da ciki, kafin ya zaɓa. Rigar da ta yi wa wa daidai ba lalle ta yi wa ƙane ba.

Haɗin da ba a yi

Ba a haɗa ɗan "pril" da ɗan "sartan". 'Yan gida ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi. An gwada haɗa ramipril da telmisartan a wani babban gwaji na mutum fiye da 25,000, wanda aka bayyana a 2008. Ba a sami ƙarin amfani ba, sai ƙarin suma da matsalar ƙoda.

Ba a kuma haɗa masu rage gudun zuciya, irin su atenolol, da verapamil ko diltiazem sai da idon likitan zuciya, gama suna iya rage bugun zuciya har ya zama haɗari.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu kuwa shi ne shan magani ɗaya sau biyu da suna biyu. Baba ya je asibitin gari aka ba shi amlodipine na wani kamfani. Ya ziyarci 'yarsa a birni, ta kai shi wani asibiti, aka ba shi amlodipine na wani kamfanin, da wani kwali da wani launi. Ya komo gida ya haɗa duka biyu. Ko kuma a ba mutum sabuwar ƙwaya mai magani biyu a ciki, ya ci gaba da shan tsofaffin a kanta. Sai jiri, sai faɗuwa a makewayi. Maganin wannan mai sauƙi ne: duk ran da za a ga likita, a zuba dukan magungunan da mutum ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a ajiye a gabansa.

Haɗin da muke yi ba mu sani ba

Mu koma ga 'yar ledar kawu. Da muka kai ta aka duba, akwai diclofenac a ciki, akwai kuma dexamethasone. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini. In kuma mutum yana shan ɗan gida na fari da ɗan gida na uku, ya ɗora irin waɗannan a kai, ƙoda ce ke shan wuya, har tana iya tsayawa. Ga mai hawan jini paracetamol ya fi sauƙin haɗari, shi ma a bisa ƙa'ida. Dexamethasone da prednisolone kuwa, waɗanda waɗansu ke sha don ƙiba ko gajiyar gona, suna hawar da jini, suna hawar da sukari. Haka waɗansu magungunan mura masu buɗe hanci, waɗanda ke da pseudoephedrine, da waɗansu ƙwayoyin tsarin iyali. Giya da burkutu su ma suna hawar da jini, suna kuma ƙara jirin da magani ke sawa.

Tukunyar miya ma tana cikin haɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum ke ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Cikin lissafin nan har da dunƙulen ɗanɗano da muke jefa wa miya, da yajin tsire, da kifin gwangwani, da taliyar leda. Kanwa ma sinadarin da ke cikin gishiri ne ya fi yawa a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da dangantaka tsakanin yawan shan kunun kanwa da gashin jego, da gazawar zuciya ga mata masu jego. Mai shan maganin rage gishiri da safe, ya sha kunun kanwa da rana, kamar mai kwashe ruwa daga jirgi ne wani yana zubawa. Uwargida tana iya rage gishiri kaɗan-kaɗan, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. Akwai kuma wani gishiri da ake sayarwa wai na masu hawan jini, mai fotasiyam a ciki. Mai shan ɗan gida na uku ko spironolactone, ko mai ciwon ƙoda, kada ya taɓa shi sai ya tambayi likita.

Zoɓo fa? An gwada, an ga yana ɗan rage awo. Amma ragin kaɗan ne, ba ya maye gurbin ƙwaya, balle in an cika shi da sukari. Saiwoyi da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki, ko yawansa. Kada mu ɓoye wa likita abin da muke sha don kunya. In bai sani ba zai ƙara mana ƙwaya a banza.

Magana ga mata

'Yan "pril" da 'yan "sartan" suna cutar da jariri a ciki, musamman ƙodarsa. Duk matar da ke shan su, in tana neman haihuwa, ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki. In kuma ta ga batan wata, ta je asibiti a wannan makon a sauya mata. Akwai waɗanda aka saba ba masu ciki, irin su methyldopa, nifedipine da labetalol. Kada ta zauna ba magani, gama hawan jini ga mai ciki yana kawo jijjiga, yana iya tafiya da uwa da ɗa. Maigida, wannan nauyi a wuyanka yake kai ma. Kuɗin mota zuwa awon ciki ba asara ba ne.

Aikin iyali

Likita minti goma yake ganin majiyyaci, mu ne muke tare da shi sauran kwanakin wata. Ga abin da za mu iya yi.

1. A sha dukan ƙwayoyin kowace rana, a lokaci ɗaya da aka tsayar. Ba yau wannan gobe wancan ba. In an manta da ta jiya, ba a ninka ta yau.

2. Kada a daina don an ji sauƙi. In awo ya sauko, maganin ne ya sauko da shi, ciwon yana nan. Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake gamawa a kwana uku. Ga yawancin mutane abin sha ne har iyakar rai. Masu rage gudun zuciya ma daina su farat ɗaya haɗari ne.

3. In ƙwaya ta dami mutum, da tari, ko kumburi, ko jiri, ko raunin kusantar iyali, ya faɗa, kada ya jefar a ɓoye. Kusan kowace tana da madadi.

4. In kuɗi ya gaza, a gaya wa likita gaskiya. Sau da yawa akwai maganin nan ɗaya na wani kamfani mai rahusa. A saya a kantin magani mai rajista, a Nijeriya kuma a duba lambar NAFDAC a jikin kwali. A sayo sabo tun saura na mako guda. 'Ya'yan da ke aiki a birni, gara a aiko da kuɗin ƙwaya kowane wata da a zo ana neman kuɗin keken guragu.

5. Dattawa su riƙa tashi a hankali daga kwance, su ɗan zauna a bakin gado tukuna, musamman a makon da aka ƙara magani da kuma lokacin bazara. In zawo da amai suka kama mai shan ɗan gida na fari ko na uku, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, gama yana iya cewa a dakata da su har jiki ya koma daidai.

6. A koma awo kowane wata har sai ya daidaita, sa'an nan duk wata uku zuwa shida. Abin da ake nema ga yawanci shi ne ƙasa da 140 bisa 90, ga mai ciwon zuciya kuwa lambar sama ƙasa da 130. A yi gwajin jini na ƙoda da fotasiyam in likita ya nema. Kafin awo a zauna shiru minti biyar, kada a ci goro ko a sha taba rabin sa'a kafin nan. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta rana da lamba.

7. In baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa a lokacin. Ba a ƙara ƙwaya a gida a jira gari ya waye.

Kawunmu dai sai da muka zauna da shi da kwalayen nan biyu, muka yi masa misalin awaki da shinge. Ya yi dariya ya ce, "To, ai da haka yaron ya gaya mini da na gane." Aka ba jikarsa 'yar aji shida aikin miƙa masa ƙwaya biyu da kofin ruwa kowace safiya kafin ta tafi makaranta, tana sa alama a kalanda. Aka raba shi da 'yar leda, matarsa kuma ta rage gishiri. Da muka koma asibiti awonsa ya nuna 138 bisa 84. Bana da kansa ya yi huɗar gyaɗarsa.

Kowa ya duba gidansa yau. Wa ke shan maganin hawan jini, guda nawa aka rubuta masa, guda nawa yake sha, me kuma yake ɗorawa a kai? Wanda bai taɓa awo ba, ya je a auna shi a wannan wata. Allah ya ƙara mana lafiya.